Kakar da Yayana Ya Soya

Da sunan Wanda ya kafa duwatsu ya shimfiɗa fadamu, ya ba kowace ƙasa tsironta, ya ba kowane gari irin wautarsa. Ku matso ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Nomau ɗan Gwamma, manomin albasa daga Tungar Lawashi a bakin kogin Balgo. Na taka ƙasashen da ban yi niyyar takawa ba, na ga abubuwan da ban roƙi kowa ya nuna min ba, kuma duk saboda cikin mutum ɗaya, yayana Tunau.

Tunau shi ne ɗan farin Innarmu. Tun tasowarsa ya gane noman albasa bai dace da mai basira irinsa ba, domin aikin yana bukatar sunkuyo. Wata rana fatake suka sauka a garinmu da labarin wata 'yar albasa da ke fitowa a Duwatsun Gumbarai, ƙarama kamar kan babban yatsa. Suka ce ba ta jiran damina, sai ƙanƙara ta fara narkewa ta huda ta, ta fito da fure shuɗi. Har sarakunan nesa, in ji su, na dasa ta a lambu don kallo kawai. Da Tunau ya ji akwai albasar da ake nomawa don kallo, sai ya ce ai ya sami sana'arsa. Ya ɗaura takalmi ya tafi, ya ce kafin girbi zai dawo da iri. Girbi ya zo ya wuce, ya sake zuwa, ya yi ta zuwa har muka daina duban hanya.

Inna ba ta ce uffan ba. Kun dai san iyayenmu mata da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, in ya shigo ɗaki sai a sami abin yi a tsakar gida. Sai da idonta ya soma dushewa, ƙafafunta suka soma ƙin ɗaukarta, rannan ta kira ni tana tsince wake da lalube.

"Nomau."

"Na'am, Inna."

"Ka je ka dawo da wancan. Ba na so a binne ni yana yawon banza."

Iyakar maganar ke nan, ta ci gaba da wakenta. Na bar ta a hannun ƙanwarmu Tabawa, na saɓa buhun albasa don guzuri, na kama hanya ina tsine wa fatake a zuci.

Gari na farko da ya tare ni shi ne Birnin Makoki. Mutanensa na zaman makokin wani sarkinsu da ya rasu tun zamanin kakannin kakanninsu, ba wanda ma ya tuna sunansa, amma ba a bar baƙo ya wuce sai ya yi masa kuka da hawaye na gaske. Mai tsaron ƙofa ya riƙe min ƙoƙo a ƙarƙashin haɓa yana jira. Na tuno duk baƙin cikin duniya, idona ya ƙi. Sai na juya kamar mai gyara kaya, na ɓare albasa na murje ta a tafin hannu, na rufe fuska. Hawaye suka ɓalle har ƙoƙon ya cika. Mai tsaron ƙofa ya rungume ni yana cewa tun da yake bai ga mai ƙaunar marigayi irina ba. Abin ya yi kyau fiye da yadda nake so, don nan take suka yanke shawarar riƙe ni in zama shugaban masu kuka har mutuwata. Na ce na karɓa, amma sai na koya musu asirin. Na raba musu rabin buhuna, na ce kowa ya murje ya shafa. Garin duka ya ɗauki kuka mai daɗin da bai taɓa yi ba, ba mai ganin gabansa, ni kuwa na bi ta tsakaninsu na fice ta ƙofar gabas.

Daga nan ƙasa ta fara tashi tsaye. A wata 'yar siririyar hanya tsakanin dutse da rami na tarar da bunsuru, girmansa kamar raƙumi, ya tare hanya yana tuƙa. Matafiyan da suka taru a gindin dutsen suka ce ba ya kaucewa sai ga wanda ya fi shi wari, kuma ba a taɓa samu ba. Na zauna na tauna ɗanyar albasa har harshena ya mutu, na je gab da hancinsa na yi masa sallama mai tsawo. Ya dube ni da girmamawa, ya ja da baya. Wannan ita ce nasara mafi girma a rayuwata, kuma ba na so a faɗa wa surukaina.

Na isa Gumbarai sanyi na shigowa. Gidajensu na dutse ne, kowane gida da ɗan lambu a ƙofarsa, an kewaye shi da tsakuwa, ba komai a ciki sai ƙasa. Amma duk wanda ya zo wucewa sai ya rusuna ya gaida ƙasar nan, wani ma har ya tsaya yana tambayarta kwanan gida. Na ce a raina, to, ga inda ya dace da Tunau. Na tambayi wata mata ko ta san baƙo mai wannan suna, ta ce ba ta taɓa ji ba. Na ce dogo ne mai wushirya, ba ya ganin kwano ya bar shi da nauyi.

"Af!" in ji ta. "Kaka Dumbulu kake nufi. Ga gidanta can."

Na shiga na tarar da yayana a kan gadon fatun tumaki, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, an ɗaura masa shuɗin ɗankwali. Wani dattijo mai farin gemu, wanda a shekaru ya isa ya haife shi har ya yi jika da shi, yana durƙushe yana matsa masa ƙafa.

"Yaya," na ce, "lafiya?"

Dattijon ya ɗago a fusace. "Kai baƙo, haka ake gaida tsohuwa a garinku?"

Sunansa Garzam, shi ne maigidan, kuma shi ya zaunar da ni ya warware min zancen. A Gumbarai in mutum ya rasu, sai a dasa masa ƙwayar 'yar albasar nan a lambun gida, a sa mata sunansa. Duk shekara in ƙanƙara ta soma narkewa furen ya fito, sai su ce mamacin ya leƙo gaisuwa. Iyali su zagaye shi, a faɗa masa wanda ya yi aure da wanda ya haihu, mai ƙara ya kai ƙara, mai kuka ya yi kukansa. Yayana kuwa ya iso garin da yunwa, ya ga lambu da ganye kamar lawashi ba mai gadi. Ya tone, ya wanke, ya soya da kitsen rago a bayan gari. Mahaifiyar Garzam ce ya soya.

"Ta yi 'ya'ya da yawa a ƙasa," in ji Garzam yana share ido. "Bai bar komai ba sai 'yar ƙwaya ɗaya da ta maƙale a tsakuwa."

Ashe abin ba na ci ba ne. Tunau ya yi kwanaki yana birgima yana riƙe da ciki, dattawan gari suka taru suka duba shi, suka ce Kaka ce ke gyara zama. Hukuncinsu shi ne: tunda tana cikinsa, shi ne ita, ba zai bar gari ba sai ranar da 'yar ƙwayar da ta tsira ta yi fure. Suka kuma danƙa masa ƙwayar ya kula da ita, domin wa zai kula da Kaka ya fi Kaka? Shekaru ke nan, ko toho ba ta yi ba.

Ina cikin jin wannan hikima dusar ƙanƙara ta sauko ta toshe hanyoyi, aka ce ba fita sai sanyi ya wuce. Na zauna ina kallon sarautar yayana. Da safe a kawo masa madara mai ɗumi, da rana nama, in ya yi hamma a ce Kaka ta gaji a fita. Ma'aurata na kawo masa rigimarsu, ya lumshe ido ya ce, "Ku yi haƙuri da juna, 'ya'yan nan," su tashi suna mamakin zurfin maganar. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai abu ɗaya da ya iya. Garzam na da 'ya, Mirsa, wadda mijinta ya faɗa rami ya mutu. Takan zo ta ɗora kai a gwiwarsa ta yi kuka, shi kuma ya ɗora mata hannu a ka yana shafawa a hankali, yana wani ɗan gurnani a maƙogwaro kamar mai lallashin jariri, har ta yi shiru. Ban san inda ya koyo shi ba, a gidanmu dai ba a yi masa ba.

Rannan da safe ina share ɗakinsa, tunda ni ƙanen Kaka ne kuma ba ni da wani muƙami sai tsintsiya, na ga tukunyar da ya dasa 'yar ƙwayar a bayan murhu an naɗe ta da ulu. Na taɓa ƙasar ciki na ji ta da ɗumi kamar tuwon safe. Na leƙa waje na ga sauran mamatan gari kwance a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma kowa ya ce duk shekara suna fitowa lafiya lau. Ba sai an yi wa manomi dogon bayani ba. Abar nan 'yar dutse ce, sai ta sha sanyi ta ƙoshi take yin fure. Mutanen Gumbarai ba su taɓa sa ta kusa da wuta ba balle su sani, kuma ba wanda zai tambayi Kaka dalilin abin da take yi.

Na jira aka fita, na rufe ƙofa.

"Yaya, da gangan kake gasa ta."

"Ina tausayinta ne, sanyi ya yi yawa."

"Ka ji tsoron Allah. Inna ba ta gani sosai, ba ta tafiya. Ita ta aiko ni."

Ya ce, "Da ta aiko ka, me ta ce?"

"Ta ce in dawo da kai."

"A'a, faɗa min yadda ta faɗa."

Na sunkuyar da kai. "Ta ce in dawo da wancan."

Ya yi dariya marar daɗi. "Ka ji ko? Wancan. Nomau, kai an goya ka, an kira sunanka har ya tsufa. Ni tun da Iya kakarmu ta rasu ina ƙarami, ba wanda ya taɓa kaina. In na shiga ta fita. Ranar da zan tafi na durƙusa ina sallama, tana fuskantar bango tana tankaɗe. A nan in na yi atishawa gida duka sai ya tashi. Ka je ka ce ba ka same ni ba, ba ƙarya ka yi ba."

"Kunya ce, Yaya, kai ma ka sani. Haka ake yi."

"Na san sunan abin," in ji shi. "Sanin sunansa bai taɓa ɗumama ni ba."

Raina ya ɓaci. Na fita na bar shi da ɗankwalinsa.

Amma ban hau dutsen nan da warin baki don in koma hannu biyu ba. A gindin buhuna akwai sauran 'yar ƙaramar albasa, irin wadda ko a kasuwa sai dai a ba da ita gyara. Ranar da aka ɗauki Kaka a kan kujera zuwa sulhunta wasu maƙwabta, na tone tukunyar na zare 'yar ƙwayar, na sa albasata a madadinta, na mai da ulu yadda yake. 'Yar ƙwayar kuma na kai ta lambu, na fasa ƙanƙara a daidai gurbin tsohuwar, na binne ta na roƙa mata sanyi mai tsanani.

Albasar Tungar Lawashi kuwa da ta ji ɗumi sai ta ɗauka gida ta dawo. Ba a jima ba ta fito da kore shar. Na ga yayana ya leƙa tukunya ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. Tun daga ranar kullum da sassafe sai ya lallaɓa ya tsinke tohon ya haɗiye don kada a gani, kashegari ta sake fitowa. Haka ya kwashe sanyin nan yana yaƙi da albasar gidansu, yana mamakin yadda Kaka ta koma ɗanɗanon miyar Inna. Ni dai ina shara ina yi masa sannu.

Sanyi ya fara sassautawa, rufin gidaje suka fara ɗiga. Wata safiya Mirsa ta fito da ƙwaryar madara za ta kai wa Kaka, sai ta tsaya cik a bakin lambu. A tsakiyar ƙanƙarar da ta soma zama ruwa, ga wani ɗan fure bai fi tsawon yatsa ba, shuɗi kamar an tsoma shi a ruwan baban rini, ya sunkuyar da kai. Na yi tafiyar nan ina zagin abar nan, amma da na gan ta sai da na yi shiru, don ban taɓa ganin ƙaramin abu mai ƙarfin hali haka ba.

Mirsa ta saki ƙwaryar ta yi guɗa. Gida ya fashe, maƙwabta suka ɓarko, kowa ya zube a gaban furen yana "Sannu da zuwa, Kaka, kin daɗe!" Tunau ya fito a ruɗe yana jan bargo, ba wanda ya waiwaye shi. Mirsa, wadda jiya ta jiƙa masa gwiwa da hawaye, ta ratsa ta gefensa kamar ta wuce turmi. Can Garzam ya taso, ya sa hannu biyu cikin ladabi ya kwance ɗankwalin daga kansa, ya ninke.

"Baƙo, mun gode da riƙo," in ji shi. "An ce hanya ta buɗe. Yaushe za ku tashi?"

Ni na shirya wannan, kuma na yi zaton zan yi dariya. Da na ga yayana tsaye da kai a buɗe, ƙaton mutum yana duban madarar da ta zube a ƙasa, tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Mun sauko ba ya yi min magana. Bunsurun nan da ya hango ni tun daga nesa ya ba da hanya. Birnin Makoki muka kewaye shi ta daji, don an ce albasarsu ta ƙare suna nemana. Ƙibar Tunau ta zube a hanya, muka isa Tungar Lawashi wuyansa ya dawo.

Tabawa ta tare mu a zaure. Ta ce Inna na da rai, amma idon ya tafi gaba ɗaya, hankalin ma yana zuwa yana komawa, wani lokaci takan yi hira da mutanen da suka daɗe a ƙasa. Muka shiga. Tana kwance a tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na buɗe baki zan yi sallama, Tunau ya riƙe min hannu. Ya matsa ya durƙusa a gefenta. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya sauka a kanta yana shafawa a hankali, ɗan gurnanin nan ya fito daga maƙogwaronsa.

Inna ta yi ajiyar zuciya. Ta laluba ta kama hannun.

"Iya? Ke ce?"

Tunau ya dube ni. Na kau da kai.

"Ni ce," in ji shi da muryar da na sha ji a Gumbarai.

"Iya, Tunau bai dawo ba."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai fito da kayan da ta daɗe da ajiyewa a ƙasan adaka.

"Ke kika ce kada in kira shi, kada in ɗauke shi a gaban mutane, na bi. In yana barci nakan je in duba ko yana numfashi. Ranar da zai tafi ban iya juyowa ba, garin da nake tankaɗe duk ya jiƙe. Kullum sai na sa Tabawa ta ɗebe masa tuwo. Iya, ko yana tsammanin ba na son sa ne?"

Hawaye na bin gemun yayana, ba albasa ba komai. Ya ce, "Ya dawo. Yana ƙofa."

Ya zare hannunsa a hankali, ya tashi ya fita tsakar gida. Na ji ya share maƙogwaro, sannan ya ɗaga murya, tasa ta ainihi, mai kauri irin ta Babanmu.

"Salamu alaikum. Inna, na dawo."

Na ga hannun Inna ya laluba ya jawo mayafi ya rufe kai, ta juya a hankali ta fuskanci bango.

"Nomau," in ji ta, "ka ce wa wancan tuwonsa na cikin akushi."

Tabawa ta miƙo akushin. Tuwon jiya ne, ya sandare, miyar ta yi sanyi. Yayana ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, inda za ta ji motsinsa, ya wanke hannu ya cinye shi tas.